Nishin Inna

Da kaka abin ya fara, lokacin da sabon gero ke shigowa gari. Ina zaune a tsakar gidanmu na gado, nan cikin birnin Katsina wajen Ƙofar Marusa, ina taya matar ƙanena tsinkar zogale, sai na ji wani sauti yana fitowa daga ɗakin Inna. Nishi ne mai tsawo, baki a rufe, "mmm... mmm... mmm", ta ja shi, ta sauke, ta numfasa, ta sake ja. Na ture faifan na leƙa. Tana zaune a bakin gado, hannuwa bisa gwiwa, ido a ƙofa. Na ce, "Inna, lafiya? Ina ke miki ciwo?" Ta dube ni da mamaki ta ce, "Lafiya lau. Me kika gani?" Ban gama sakin labule ba ta ci gaba daga inda ta tsaya.

A lokacin mantuwa ta kai shekara biyu tana cin ta. Ta sha barin tukunya a wuta har ta ƙone. Takan sallaci la'asar, ta naɗe darduma, can anjima ta ce a zuba mata ruwa a buta, ba ta yi la'asar ba. Ta ƙulle kuɗi a haɓar zane, ta manta, ta ce jikoki sun sace. Duk muka ce gigin tsufa ne, tunda shekarunta sun doshi 80, kuma abin da aka ce tsufa ne ba mai kai shi asibiti. Matar da ta shekara 30 tana sayar da fura, bashin rabin unguwa a kanta ba tare da ta taɓa rubuta ko sisi ba, ita ce ta koma tambayar yau wace rana sau 20 kafin azahar. Wannan duk mun saba da shi. Nishin ne ya zo mana a ba-zata.

Kafin hunturu ya kankama ya zama abin kullum. Yakan tashi da la'asar sakaliya, ya yi ƙarfi da magariba, wata rana ya kai tsakar dare. Sannan ya yi rassa. Wani lokaci "wai, wai, wai" ne da gajeren numfashi. Wani lokaci "na'am, na'am", kamar ana kiran ta daga soro. Wanda bai zauna da irin wannan ba zai ce mene ne abin damuwa a nishin tsohuwa. Sai ka yi awa huɗu kana jin sauti ɗaya, kana girki yana nan, kana salla yana nan, ka kwanta yana ratso bango, sannan za ka gane. Ko na koma gidana can Ƙofar Ƙaura na kwanta, sai in riƙa jin sa a kunnena, alhali tsakanina da ita tafiyar Keke Napep ce.

Gidajen cikin birni kuwa katanga ɗaya ce tsakaninka da maƙwabci. 'Yan dubiya suka yawaita, kowa da fassararsa. Wata ta ce iska ce. Wata ta ce sammu aka yi mata tun zamanin kishi. Wadda ta fi ƙona mini rai ita ce maganar da ta zagayo ta bayan fage, wai irin wannan kiraye-kirayen dare na masu kama kurwar mutane ne, alhaki ne ke bibiya. Inna fa, wadda rabin yaran unguwar da furarta aka yaye su. Wata rana na tarar da yara a lungu suna kwaikwayon nishinta suna dariya. Ban ce musu komai ba. Na shige soro na tsaya har idona ya bushe, sannan na shiga gida.

Ni ce 'yar fari. Kowane Bahaushe ya san abin da wannan ke nufi: tunda Inna ta haife ni ba ta taɓa kama sunana ba. "Ke" ce ni, ko "waccan", in kuma ana zancena da baƙi "yarinyar nan", har na yi jika. Ana yaye ni kakata ta ɗauke ni, a ɗakinta na girma. To, wata Alhamis da magariba ina alwala, sai na ji an kira sunana, cikakke, da muryar Inna. Saura kaɗan buta ta suɓuce mini. Na shiga da sauri na durƙusa na ce, "Na'am, Inna, ga ni." Ta dubi fuskata, ta leƙa bayana, ta sake kiran sunan. Na sake amsawa. Ta ce, "Baiwar Allah, ba ke ba." Daga ranar kiran ya shiga cikin jerin. Wani dare ɗana ya zauna da carbi yana ƙirgawa, tsakanin magariba da isha'i ya ƙirga sama da 200. Na haura shekara 50 ina marmarin jin sunana a bakin mahaifiyata, da na samu kuma ya zama abin da ke hana ni barci.

Kawunmu ya kawo mai ruƙiyya. Ba na raina addu'a, har gobe muna yi mata tofi safe da yamma. Amma na farkon da aka kawo ya turnuƙe ɗakin da hayaƙi, ya riƙa ɗaga murya a kunnenta, ta firgita ta ƙanƙame ni tana karkarwa, daren nan nishin ya kai asuba. Na biyun dattijo ne, aminin marigayi mahaifinmu. Ya zauna daga bakin ƙofa ya gaishe ta, ya yi mata 'yan tambayoyi, ya saurara da kyau. Da ya fito soro ya ce wa ƙanena, "Babu aljani a jikin Hajiya. Ku kai ta asibiti." Ya karanto aya ta 70 a Suratun Nahli, inda Allah Ya ce a cikinmu akwai wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa, har ya zama bai san komai ba bayan ya sani. Ya ce Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da kansa yakan nemi tsari daga wannan mataki. Ya ƙara da cewa an ɗauke mata alƙalami, kada mu takura mata kan ƙirgen raka'a ko azumi.

Da mun bi maganarsa a makon da mun huta. Sai muka tsaya jan ƙafa. Ƙanena ya je wani kemis ya faɗi halin da ake ciki, aka ba shi ƙwayar barci, diazepam. Dare biyu gidan ya yi tsit, muka yi ta hamdala. A dare na uku ta tashi da asuba za ta kewaya, jiri ya kwashe ta a bakin ƙofa, goshi ya fashe, ƙugu ya kumbura. Allah Ya tsare ƙashin bai karye ba. Da rana kuma sai ta zauna kamar an zare mata laka, miyau na zuba, ko cokali ba ta iya kai wa baki. Muka daina ba ta.

A makon nan na yi abin da har yau in na tuna gabana ke faɗuwa. Na kwana uku a ɗakinta ba barcin kirki, da safe in wuce makarantar da nake koyarwa. Wajen ƙarfe biyun dare tana ta "wai, wai, wai", na tashi zaune na daka mata tsawa: "Inna, don girman Allah ki yi shiru!" Ta yi shiru. Ta ja gefen zane ta rufe bakinta, tana yi mini irin kallon da yaro ke wa baƙon da ya zare masa ido. Ba a yi minti biyu ba nishin ya dawo, ƙasa-ƙasa, daga cikin zanen. Aya ta 23 a Suratul Isra'i ta faɗo mini, wadda ta hana a ce wa iyaye ko "uf". Tun muna Islamiyya muka haddace ta, amma sai a daren na lura cewa tsufansu a hannunka ayar ta ambata musamman, wato lokacin da "uf" ɗin ke zuwa bakin mutum da kansa. Gari na wayewa na ce wa ƙanena ya nemo mota.

Muka kai ta asibitin koyarwa na tarayya da ke nan Katsina. Aka duba goshin, aka ɗauki hoton ƙugun, sannan aka tura mu wajen likitar ƙwaƙwalwa. Ƙanena ya so ya noƙe, wai za a ce uwarmu ta haukace. Na ce masa abin da ake faɗa a unguwa yanzu ya fi wannan muni.

Likitar ta russuna ta ce, "Mama, ina kwana, ya ƙarfin jiki?" Ta yi kusan awa guda da mu. Ta tambayi Inna wace rana ce, wane wata ake ciki, sunan unguwarta, wane ne Sarkin Katsina. Inna ta amsa ba gargada, "Usman Nagogo." Sarkin da ya rasu tun 1981, an yi Kabir Usman bayansa, ga Abdulmumini a kan karaga tun 2008. Ta faɗa mata wasu kalmomi ta ce ta riƙe, bayan 'yan mintoci ta nema, ba ko ɗaya. Ta ce ta lissafo dabbobi cikin minti guda, Inna ta ce akuya, tunkiya, ta yi jim, ta sake cewa akuya. Sai likitar ta zaro tsinken ashana huɗu ta jera su a tebur suka ba da wata siffa, ta rushe, ta ce Inna ta mayar. Ta ce mana an tsara irin wannan gwajin ne don tsofaffin da ba su yi boko ba, don kada a auna su da biro da takarda a zalunce su. Inna ta tattara ashanar ta ƙulle a haɓar mayafi. Aka yi gwajin jini da na fitsari, aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Hoton ya nuna ƙwaƙwalwar ta motse, ga kuma tabon ƙananan jijiyoyin jini da suka toshe, aikin hawan jinin da ta daɗe tana shan maganinsa tana bari.

Likitar ta ce sunan ciwon dimenshiya, ciwon mantuwa, kuma tsufa kaɗai ba ya kawo shi, shi ya sa za ka ga ɗan shekara 90 da hankalinsa garau. Nau'in da ya fi yawa shi ne Alzaima, sunan likitan Jamus da ya fara bayyana shi a 1906. Na Inna haɗe yake da na toshewar jijiyoyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ciwon sun haura miliyan 55, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe irin namu ne, ba ƙasashen masu arziki ba kamar yadda na zata. Ba ta ɓoye mana ba, ta ce ba a warkewa, gaba ciwon yake yi.

Na ce, "Likita, ni dai nishin nan. A taimaka a ba mu abin da zai tsayar da shi." Ta ajiye biro ta ce, "Hajiya, in jaririnki yana kuka, maganin barci kike ɗura masa, ko dubawa kike ki ga me ke damunsa?" Ta ce kalmomi ne ke zubewa daga ƙwaƙwalwar Inna ɗaya bayan ɗaya, abin da ya rage mata shi ne sauti. Ciwo, ƙishirwa, matsuwar fitsari, tsoro, kaɗaici, duk ta ƙofa ɗaya suke fita yanzu. In an tambaye ta ina ke ciwo ta ce lafiya lau, ba ɓoyewa take ba, haɗa ciwon da sunansa ne ya gagare ta. Wani ɓangaren sautin kuma daga lalacewar ƙwaƙwalwar yake kai tsaye, ba ta ma san tana yi ba, balle tsawa ta hana ta. Game da ƙwayar kemis ta ce irinta na ƙara wa tsofaffi ruɗewa da faɗuwa. Akwai magunguna masu ƙarfi na masu taɓin hankali da akan ba irin su Inna, amma tun 2005 hukumar magunguna ta Amurka ta sa aka manna musu gargaɗi cewa suna ƙara haɗarin mutuwa ga tsofaffi masu ciwon mantuwa. Ta ce ba ta taɓa su sai in mutum zai ji wa kansa ko wani ciwo, shi ma kaɗan, na ɗan lokaci.

Abin da ta rubuta mana shi ne maganin hawan jini da umarnin mu sayi littafin rubutu irin na 'yan firamare. Duk lokacin da sautin ya tashi, wanda ke kusa ya rubuta ƙarfe nawa, wane iri ne, me ya faru kafin nan, me ta ci, yaushe rabonta da bayan gida, me muka yi, ya lafa ko bai lafa ba. Ta kuma koya mana inda ake neman ciwo a jikin wanda ba ya iya faɗa: a numfashi, a irin sautin, a fuska, a yadda yake dunƙule hannu ko ƙanƙame gwiwa ko ture mai taɓa shi, sannan a ga ko rarrashi na kwantar da shi. Na fito ina jin an sallame mu hannu biyu. Mun je neman magani an ba mu aikin gida.

Mako uku muna cika littafin, ni da matar ƙanena da babbar jikar gidan, rubutu kala uku, wani shafin da tabon miya. Ranar wata Asabar na baje shi a tabarma na bi shi da jan biro irin yadda nake bin jarrabawar ɗalibai. A nan na ga abin da ke gabanmu wata da watanni. "Wai, wai" ɗin ba ya zuwa haka kawai. Yana zuwa in an tashe ta alwalar asuba cikin sanyi, in ta dawo daga bayi, in ta daɗe a kan kujera 'yar tsugunno. Kusan kowane layi an rubuta "ta ɓata fuska" ko "hannu a gwiwa". Gwiwoyin da suka shekara 60 suna tsayuwar daka da tsugunnon murhu sun cinye, hunturu kuma ya taso su. Rashin sani ya fi dare duhu. Ashe daren da na daka mata tsawa gaya mini take ƙafarta na ciwo.

Muka koma da littafin. Likitar ta duba gwiwoyin ta ce amosanin gaɓɓai ne, ta ɗora ta a kan farasitamol a ƙayyadaddun lokuta, a ba ta ko ta yi ƙorafi ko ba ta yi ba, tunda ƙorafin ne ba ta iya yi. Ta ja mana kunne kan irin su diclofenac da ibuprofen da ake saya barkatai, ta ce suna taɓa ƙoda da ciki, suna tayar da hawan jini. Ta ba mu labarin wani bincike da aka buga a 2011, wanda aka yi a ƙasar Norwe kan tsofaffi 352 masu ciwon mantuwa. An ba kusan rabinsu maganin ciwo a kai a kai na mako 8, akasarinsu farasitamol kawai, sai tashin hankalinsu ya ragu, da aka daina kuma ya fara dawowa. Mu ma muka ƙara da namu: ruwan ɗumi na alwala, safa, man zafi da dare, kujera mai tsawo da hannuwa, da wata kujerar roba da aka huda don ta daina tsugunno a bayi. Cikin kwana goma "wai, wai" ya ragu har ana iya kwana ba a ji shi ba.

Littafin ya tona wasu abubuwan. Darare mafi muni sukan faɗo a kwana na uku ko na huɗu ba ta yi bayan gida ba, sai muka dage da gwanda da miyar kuɓewa da kunun tsamiya da zagaya tsakar gida da ita bayan hantsi. Jikar ce ta lura da gefe ɗaya take tauna goro, aka duba aka tarar da matauni ya ruɓe, aka cire.

Da bazara ta shigo, zafi ya haura digiri 40, muka ga wani abu daban. Cikin kwana biyu nishin ya koma ihu. Ta daina barci gaba ɗaya, tana nuna bango tana cewa a kori mutanen nan, tana ta tsintar abin da babu a jikin zanin gado. 'Yan dubiya suka ce ai ga shi, dama mun faɗa. Amma likitar ta riga ta gargaɗe mu cewa ciwon mantuwa a hankali yake tafiya, wata bayan wata, duk sauyin da ya zo cikin kwana ɗaya ko biyu wani ciwon ne ya shigo, a garzaya asibiti. Fitsarinta ya yi duhu yana wari. Gwaji ya nuna ƙwayoyin cuta sun shiga mafitsara, ga jiki ya bushe. Aka yi mata ƙarin ruwa da allurai, cikin mako guda ta dawo kusan yadda take, ko da yake ba ta koma daidai inda ta baro ba. Tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, mai mantuwa kuwa ko ya ji ba zai nema ba. Tun daga nan ba ma tambayar ta ko za ta sha ruwa. Ƙaramin kofi muke miƙa mata kowace awa, da kankana, da fura mai ruwa-ruwa, wadda har yanzu in ba ta damu da kyau ba takan ture.

Na la'asar ya fi ba mu wuya. An san masu wannan ciwo da rikicewa in rana ta yi sanyi, amma ni a ganina na Inna har da tarihinta a ciki. Duk rayuwarta wannan ne lokacin da hannunta ya fi cika: a shigar da awaki, a hura wutar tuwo, a tattaro yara a wanke su. Jikinta na gaya mata akwai aiki, ƙwaƙwalwa ta kasa gaya mata wane ne. Ga yanar ido, ga inuwa ta fara tsawo a bango, ga wuta an ɗauke. Muka sayi fitila mai sola muna kunna ta tun kafin duhu. Muka sauke madubin ɗakin, don ta fara gaisawa da matar da ke ciki tana jin haushin ba ta amsawa. Talabijin a kashe, yara su koma soro da wasansu. Sai a shimfiɗa mata tabarma a ƙofar ɗaki, a ɗora mata faifan wake ta tsince ko gyaɗa ta ɓare. Takan mayar da tsakuwar cikin waken, ba mai ce mata komai, sai a sake tsincewa a bayan idonta. In nishin ya taso duk da haka, sai in zauna jikinta in ja Fatiha. Ina cewa "Alhamdu lillahi" take karɓewa ta kai ƙarshe ba tuntuɓe, ta wuce Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi. Matar da ba ta san sunan jikokinta ba. Abin da harshe ya daɗe yana maimaitawa shi ke jimawa bai goge ba, haka yabon Annabi da suke yi a gidan biki tun suna 'yan mata.

Kiran sunana kuwa, amsar da ta ba likita ce ta buɗe mini ido. In Usman Nagogo ne sarki a wurinta, to ni ban wuce goyo ba. Ƙaramar yarinya take nema da magariba ta yi ba ta gan ta ba, ni kuma gabjejiyar mace mai furfura ina ce mata ga ni. Na daɗe ina tunanin me zan ce da ba ƙarya ba, don ban iya yi wa mahaifiyata ƙarya ko a wannan halin. Sai wata magariba da ta kira na ce, "Tana nan lafiya, Inna. Ta ci abinci." Gaskiya ce, ina nan lafiya, na kuma ci. Ta ce, "An yi mata wanka?" Na ce an yi. Ta ce, "To, a rufe ta, akwai sauro." Ta koma kan wakenta. Wata rana wannan ya isa, wata rana bayan minti biyar a sake daga farko, in sake ba ta amsar kamar yanzu ta fara tambaya. Haka muka yi da zancen mahaifinmu. Da farko in ta ce Malam bai dawo ba, mukan ce ai ya rasu, sai ta fashe da kuka kamar yanzu aka yi, gobe ma haka. Muka daina. Yanzu sai in ce, "Inna, wace miya Malam ya fi so?" ta kama bayani.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma gaskiya jinkar gidanmu a kan matar ƙanena ta fi sauka. Ba Inna ce ta haife ta ba, ga kunyar suruka, amma ita ke wanke ta, ita ke canza shimfiɗa, tana cewa "Inna, ku ɗaga hannu", "Inna, ku yi haƙuri ruwan da ɗumi". Na tara 'yan'uwana, har da na Kaduna ta waya, na ce turo kuɗi kaɗai ba jinya ba ce. Muka raba kwana: ni uku, ƙanwata biyu, ƙanena ya karɓi daren Juma'a da na Asabar, yana kwana a ƙofar ɗakin. Muka ɗauki wata dattijuwa maƙwabciya tana zama da ita da rana ana biyan ta a wata. Wadda ba kwananta ba ne ta toshe kunne da auduga ta yi barci, ba laifi ba ne. Na kuma bi maƙwabta gida-gida na gaya musu sunan ciwon da abin da hoto ya nuna. Wasu sun gane, wasu sun ce "Allah Ya sawwaƙe" da irin muryar da na san ba su sauya ra'ayi ba.

Nishin farko dai, wancan "mmm" mai tsawo, bai tafi ba. Littafi biyu muka cika ba mu samo masa dalili ba. Fuskarta a sake take in tana yi, ba ciwo, ba yunwa. Da Sallar layya ƙanwarta ta zo daga Daura, wadda muke kira Inna Ƙarama. Tana zaune tana cin tuwo nishin ya tashi, sai ta tsame hannu daga kwano ta kasa kunne. Ta ce, "Ke, ba ki san wannan ba? Ai rarrashinki ne." Ta ce lokacin da aka haife ni ita aka kawo zaman taya raino. A gaban mutane Inna ko kallona ba ta yi, in na yi kuka sai dai wata ta ɗauka ta miƙa mata. Amma in dare ya raba, kowa ya yi barci, sai ta goya ni ta riƙa zagaya ɗaki a hankali tana wannan sautin da baki a rufe, don kada surukarta ta ji a ce ba ta da kunya. "Ni ina kwance ina jin ta," in ji Inna Ƙarama, "ta zaci barci nake."

Yanzu kalmominta sun ƙara raguwa, ko kiran sunan ya yi sauƙi. Fatiha tana nan. Jiya kwanana ne. Bayan magariba na kunna fitila, na ba ta maganinta da ruwa, na shafa mata man zafi a gwiwa. Nishin ya tashi. Na kawar da faifan waken, na kwanta a tabarmar na ɗora kaina a cinyarta, a gefen da ba ya ciwo. Ba ta dube ni ba. Hannunta ya lalubo bayana ya fara bubbugawa a hankali, daidai da sautin, ja da saukewa. Muna nan a haka har aka kira isha'i a masallacin unguwa.